Kowa Da Irin Fatarsa: Yadda Ɗalibi Zai Tsara Wa Kansa Kula Da Fata

A wannan fitowa ina so mu yi nazari a kan abin da kowannenmu yake ɗauke da shi tun daga kai har tafin ƙafa, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama suka karanci halinsa, wato fata. Ni ɗaliba ce a sashen kimiyyar ɗakin gwaji, ina zaune a Limawa tare da wasu 'yan uwa da muke haya gida ɗaya. Ni ba likita ba ce, saboda haka wannan darasi ba zai tsaya a madadin asibiti ba. Na tattaro shi ne daga karatunmu na aji, da abin da likitocin fata suka haɗu a kansa, da kuma abin da ido ke gani a ɗakunan ɗalibai. In na ce "ka", to har da ke 'yar uwa, in kuma na ce "ki", kai ma malam kada ka tsallake.

Sau da yawa a ɗakunanmu kwalbar mai ɗaya ce ke zagaya mutum huɗu ko biyar. Da zarar ta karɓi mutum ɗaya, sai kowa ya ce a sam masa. Bayan wata biyu wani ya yi sumul, wani fuskarsa ta feso da ƙuraje, wani kuma yana ta susar wuya dare da rana. Man iri ɗaya ne, fatar ce ta bambanta, kuma dama an ce abincin wani gubar wani. A manyan biranen duniya akwai asibitoci da kamfanoni da ke karɓar kuɗi masu kauri don su duba fatar mutum su rubuta masa tsarin da ya dace da shi shi kaɗai. In ka bi diddigin aikinsu, tambayoyi huɗu suke amsawa: wace irin fata gare ka, wane yanayi ake ciki, wane irin aiki kake yi, sannan akwai ciwo ko babu. Ukun farko za ka iya amsa su da kanka ba tare da ka taɓa kuɗin rajista ba. Ta huɗun ce wani lokaci take bukatar idon likita.

Mece ce fata, kuma yaya take aiki?

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, za ta kusa murabba'in mita 2. Hawa uku gare ta. Na sama shi ne wanda muke gani, na tsakiya a nan jijiyoyin jini da tushen gashi da wuraren da ke fitar da gumi da maiƙo suke, na ƙasa kuma kitse ne.

Abubuwa uku nake so a riƙe. Na farko, hawan sama yana kama da ginin bulo: ƙwayoyin fata su ne bulo, wani ɗan maiƙo da jiki ke samarwa shi ne simintin da ya riƙe su. Wannan katanga ce ke hana ruwan jiki tsiyayewa, ta kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Duk abin da ya wanke simintin nan fiye da kima, kamar sabulu mai ƙarfi ko ruwa mai zafi ƙwarai, ya rushe katangar ke nan. Na biyu, wannan hawa yana sabunta kansa ne cikin kamar mako huɗu zuwa shida. Ke nan man da aka ce zai canza ki cikin kwana uku, to akwai abin da aka zuba masa. Na uku, launinmu daga wani sinadari yake mai suna melanin, aikinsa kuwa tare zafin hasken rana kada ya yi wa jiki ɓarna. Baƙar fata da fara duk kusan yawan ƙwayoyin da ke samar da melanin iri ɗaya gare su, yawan abin da ƙwayoyin ke fitarwa ne ya bambanta. A gari irin Dutse, inda rana ke dukan duwatsu ta dawo maka da zafin a fuska, melanin laima ce da Allah ya ba mu kyauta. Sai dai tana da hali guda: duk inda baƙar fata ta ji ciwo, ko ƙurji ko ƙuna ko susa, sai ta tara launi a wurin ya zama baƙin tabo.

Tambaya ta ɗaya: wace irin fata gare ka?

Ga gwaji mai sauƙi. Wanke fuskarka da sabulu mara ƙarfi, ka tsane ta, kada ka shafa komai. Jira awa ɗaya a inuwa. Sai ka ɗauki tishu ka ɗan danna a goshi, da hanci, da haɓa, da kumatu, kowane wuri da gefensa, ka ɗaga a haske ka duba.

In ka ga maiƙo a ko'ina, fatarka mai maiƙo ce. In babu maiƙo kuma kana jin fuskar ta ɗaure kamar an ja ta, ko tana yin furu-furu, busasshiya ce. In goshi da hanci ne kawai suka ba da maiƙo amma kumatu a bushe, taka haɗaka ce, kuma irin wannan tana da yawa. In babu maiƙo sosai babu ɗaurewa, ka gode wa Allah, taka daidai take. Akwai kuma fatar da ba ta son wargi, wadda daga an canza sabulu ko turare sai raɗaɗi da ƙaiƙayi. Wannan hali yana iya haɗuwa da kowanne daga cikin huɗun can.

A lura, fuska daban jiki daban. Mutum yana iya samun fuska mai maiƙo amma ƙwaurinsa ya yi fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Saboda haka man jiki ba dole ne ya hau fuska ba. Sannan a maimaita gwajin nan sau biyu a shekara, a hunturu da kuma bazara, don amsar takan canza.

Ginshiƙai uku da kowane tsari ke tsayawa a kai

Na ɗaya wanki. A aji mun karanta ma'aunin pH, wanda ke nuna ko abu ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami, tana wajen lamba 5. Sabulun wanki da yawancin sabulan sanda suna wajen 9 zuwa 10, can ɓangaren kanwa. Sabulun salo ma, duk da na gargajiya ne kuma yana da masoya, da toka ake haɗa shi, shi ya sa yake karɓar mai maiƙo amma ya busar da mai busasshiyar fata har ta dinga raɗaɗi. Sau biyu a rana ya ishi fuska, safe da dare, da tafin hannu. Soson buhu ba na fuska ba ne. Sabulun da aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba a mai da shi na kullum, haka ma tsiyaya maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin bokitin wanka kowace safiya. Ƙaiƙayin da wasu ke yi wa wannan wanka, sau da yawa shi wankan ne ke kawo shi.

Na biyu shafa mai. Sirrin a lokacin yake. Mai ba ya kawo ruwa, tsare wanda ke jiki yake yi, don haka a shafa shi cikin 'yan mintoci da fitowa daga wanka, tun jiki na da danshi. Mai busasshiyar fata, man kaɗanya da basilin sun ishe shi, kuma suna cikin mafi sauƙin kuɗi a kasuwa. Mai maiƙo ya nemi mai ruwa-ruwa mara nauyi don fuska, ya bar man kaɗanya da man kwakwa wa hannu da ƙafa. Mai fatar da ba ta son wargi ya nemi wanda ba shi da ƙamshi ko kaɗan, don turare na cikin abubuwan da suka fi tayar da fata.

Na uku kariya daga rana. Mafi araha ita ce inuwa, da laima, da hula, da doguwar riga, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Man kare rana mai lamba SPF 30 ko sama yana da amfani ga kowa, amma ga mutum uku ya zama dole: wanda ke fama da baƙin tabo, don rana ce ke ƙara masa duhu, wadda ta taɓa yin bilicin, da kuma 'yan uwanmu zabiya, waɗanda rana ke iya jawo musu kansar fata. In kuna da zabiya a ajinku, ku bar masa kujerar da rana ba ta dukanta, wannan ma taimako ne.

Tambaya ta biyu: wane yanayi ake ciki?

Tsarin da ya yi maka aiki a watan Agusta ba zai yi a Janairu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busowa da ƙura, iska ta bushe ƙarau, ta dinga zuƙe ruwan fata. Lokacin kaushi da faso da fashewar leɓe ke nan. A rage zafin ruwan wanka ya zama ɗumi-ɗumi, a rage sabulu a ƙafa da hannu, a koma mai mai kauri. Ga wani abu da muke mantawa: muna alwala sau biyar a rana, kowace alwala kuwa in ruwan ya bushe a iskar hunturu yana tafiya da danshin fata. Ka ajiye ɗan ƙaramin gwangwanin basilin a jaka, in an idar da salla ka murza a hannu da dunduniya. Mai faso ya jiƙa ƙafa da dare minti goma, ya goge a hankali da dutsen kaushi, ya cika basilin, ya sa safa ya kwanta. Kada a yanke kaushi da reza. Lasar leɓe kuma ƙara fasa shi take yi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Yanzu matsalar ta juya, gumi ne da ƙurajen zafi, waɗanda ke fitowa idan hanyoyin gumi suka toshe. Wanda ya ci gaba da lafta basilin irin na hunturu a wannan lokaci shi ya gayyato su. A sa kaya na auduga masu sakewa, a watsa ruwa ko ba sabulu, a bar jiki ya sha iska.

Da damina kuwa danshi ne ke mulki. Kaya ba sa bushewa da wuri, tawul na wari, sauro ya yi yawa. Lokacin kyasbi da makero da ƙaiƙayin matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa ke nan. A tsane waɗannan wurare sosai bayan wanka, a shanya tawul a rana, a kwana cikin gidan sauro, don cizon da aka sosa shi ne tabon da ake kuka da shi a ƙwauri.

Tambaya ta uku: me kake yi da yininka?

Ɗan injiniya da ke yini a wakshop cikin baƙin mai, da ɗan sashen gine-gine da ke dama siminti lokacin SIWES, da mu da ke taɓa sinadarai a ɗakin gwaji, hannayenmu ba irin na ɗan akanta ba ne. Ɗanyen siminti yana cin fata, yana kuma iya sa ta kamu da ƙaiƙayin da zai riƙa dawowa duk lokacin da aka taɓa shi. A sa safar hannu. Wanke baƙin mai da fetur ko kananzir kuwa yana tafiya ne har da maiƙon da ke riƙe katangar fata. A fara murza man gyaɗa ya narkar da shi, sannan a bi da sabulu.

'Yan mata, hular da ke ƙarƙashin hijabi da bakin niƙabi suna shan gumi da man kitso. In ƙurajenki a layin goshi da gefen fuska suke, ki fara duba nan kafin ki zargi jininki. A riƙa canza su ana wankewa, haka rigar filo duk mako. Kada a kwana da hoda. Wajen ƙunshi kuma, jan lalle na ganye da wuya ya cutar, amma baƙin da ake haɗawa da dayis ɗin gashi yana ɗauke da sinadarin da kan sa hannu ya kumbura ya yi ƙuna, ya bar zanen furen a matsayin tabo.

Tambaya ta huɗu: akwai ciwo? In akwai, wanne ne?

Nan ne aka fi yin asara. Mu duk abin da ya fito a fata sunansa "ƙuraje", sai a nufi kemis a ce a ba da man ƙuraje. Alhali kowanne da sababinsa da maganinsa.

Ƙurajen fuska na samartaka suna fitowa ne idan maiƙo da matattun ƙwayoyin fata suka toshe ramin gashi. Ba ƙazanta ba ce, shi ya sa yawan dirza ba ya korar su. Ana samun mayukan da ke ɗauke da benzoil feroksaid mai kashi 2.5 zuwa 5, ko salisilik asid mai kashi 2, a manyan shagunan magani. A fara kaɗan-kaɗan, kwana ɗaya a tsallake ɗaya, kuma a sani na farkon yana koɗar da launin tufafi da rigar filo. Sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a yanke hukunci ko yana aiki. Matsa ƙurji, da shafa man goge baki, da goga lemon tsami, duk tabo suke haifarwa, tabon kuwa yana iya kai wata shida zuwa shekara kafin ya dushe. Ta fuskar abinci, bincike ya fi kama kayan zaƙi da lemon kwalba da laifi fiye da gyaɗar da muke yawan zargi.

Kyasbi, wato farin ko baƙin dabbare-dabbaren ƙirji da baya da wuya, wata ƙwaya ce dangin fumfuna da ke zaune a fatar kowa, zafi da gumi ne ke sa ta yi yawa. Maganinsa man kulotirimazol, ko sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol, a shafa a wurin a bari minti biyar zuwa goma kafin a ɗauraye. Ko ƙwayar ta mutu, launin wurin yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, kuma yana son dawowa da damina.

Makero shi ne mai zagaye kamar kwabo, bakinsa a ɗage yana ƙaiƙayi. Ana ɗaukarsa ta tawul, da mataji, da hula, da kilifar aski. Na jiki yana jin man shafawa in an yi mako biyu zuwa huɗu ba fashi. Na kai kuwa sai da maganin sha da likita zai rubuta, don ƙwayar ta shige cikin tushen gashi inda mai ba ya kaiwa.

Ƙazuwa ita ce annobar ɗakin haya da hostel. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata yana ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da matsematsi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A nan tsarin mutum ɗaya ba ya aiki: duk 'yan ɗakin za su shafa magani a dare ɗaya, har da wanda bai fara susa ba, daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi, a maimaita bayan mako guda. A wanke zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda aƙalla kwana uku. Ƙaiƙayin yana iya ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. Ba abin kunya ba ne, ɓoyewa ce ke sa ta zagaye gida.

Maza, ƙurajen aski na gemu da ƙeya gashinmu ne mai lanƙwasa ke komawa ya soki fata idan an yi aski ƙwal. A bar ɗan tsawo, a bi yadda gashin ya kwanta, kada a ja fata lokacin aski. Wanda zai iya ya mallaki kilifarsa. In ƙurajen ƙeya suka fara tauri suna haɗewa, a je asibiti da wuri kafin su zama tudu.

Haɗin mai da bilicin: garin neman gira

Ba zai yiwu a yi wannan darasi a tsallake wannan ba. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011, wanda har yau ake maimaitawa, shi ne kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da man ƙara haske. Asalin adadin daga wani bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas, amma duk wanda ya leƙa layin masu kayan kwalliya a Kano ko nan Dutse ya san abin ya yi yawa, kuma har da maza. A Fabrairun 2023, a Kano, shugabar hukumar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. A 2025 kuma BBC ta kawo rahoto daga Kano a kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan yaransu irin wannan mai.

Yanzu ba a cika ce masa bilicin ba. Sai a ce "haɗi ne na musamman don fatarki", ko a ce na ganye ne zalla, a ɗura a roba ba suna ba lamba. Wannan shi ne tsarin mutum ɗaya na jabu, don mai haɗin bai duba fatar kowa ba, bokiti ɗaya yake ɗura wa kowa. Abubuwa uku aka fi samu a ciki, kuma zan rubuta su yadda suke a jikin kwali don a gane su.

Na farko sitiroyid, wanda za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magani ne na gaske da likita kan bayar na ɗan lokaci don kumburin fata. In aka mai da shi man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito kore, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Yana kuma shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Mayukan tub da muke saye a kemis ba takarda, irin su Funbact-A da Skineal, suna ɗauke da sitiroyid. Magunguna ne, ba a yi su don a matse cikin man shafawa ko a shafa wa jariri ba. In an shafa su a kan makero, ƙaiƙayin zai lafa kwana biyu, ƙwayar kuwa ta bazu a ɓoye.

Na biyu hydroquinone. Yana hana fata samar da melanin. Daɗewa ana shafa shi, ga ranar Dutse a kai, yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da ƙyar yake fita. Ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Ghana da Ruwanda sun hana shi a kayan kwalliya.

Na uku zaiba, wadda ake rubutawa mercury ko calomel, in ma an rubuta. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki da kuma ruwan nono. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna, ta taƙaita ta a kayan kwalliya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita.

'Yar uwa, in kin riga kin shiga, ba zagi na zo yi ba. Amma kada ki watsar da man dare ɗaya in kin daɗe a kai, don fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore, jiki ma yana iya galabaita. Ki ɗauki robar ki kai wa likita ya tsara miki yadda za ki sauka a hankali. Samari kuma, ku ma da naku kason: muddin "fara" ce kalmar yabo ta farko a bakinku, kasuwar masu haɗi ba za ta mutu ba.

Yadda za ka rubuta naka tsarin

Ware shafi ɗaya a bayan littafinka. A sama ka rubuta amsar tambayoyin nan huɗu. A ƙasa ka raba biyu, safe da dare, kowanne kada ya wuce abu uku. Misali, mai fuska mai maiƙo da ƙuraje a bazara: da safe wanki da man kare rana mara nauyi, da dare wanki da maganin ƙuraje. Mai busasshiyar fata a hunturu: wanka ɗaya da sabulu, man kaɗanya tun jiki na da danshi, basilin bayan alwala, safa da dare. Sai ka kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. Sabon abu ɗaya a lokaci guda. In ka fara uku tare, ba za ka san wanda ya taimaka ko ya cutar ba.

2. Gwada kafin ka shafa. Ɗiga kaɗan a cikin damtse ko bayan kunne, ka maimaita kwana biyu zuwa uku. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙuraje, ba naka ba ne.

3. Ɗauki hoton wurin ranar farko, sannan duk mako biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ba tare da gyaran waya ba. Madubi na da mantuwa.

4. Ba shi mako takwas, sai fa in ya ƙone ka.

5. Karanta kwali. Babu jerin abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, to a bar wa mai shi kayansa.

6. Tawul, soso, reza, mataji da soson hoda ba a aronsu, ko tsakanin aminai.

Lokacin da za a ajiye littafi a tafi asibiti

Akwai alamomin da ba a jira da su: manyan ƙuraje masu zafi da ke barin rami a fuska, ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, fata ko leɓe da suka fara saɓulewa bayan shan wani magani, borin jini da ya zo da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, gyambon da ya ƙi warkewa, tawadar Allah da ta fara girma ko canza launi ko zubar da jini. Haka kuma farin tabo da in an taɓa ba ka ji, wanda yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne, kuma wanda ya je da wuri ba ya rasa ko yatsa ɗaya. Mai juna biyu kuwa kada ta shafa ko ta sha maganin ƙuraje sai ta tambaya.

A fara da asibitin makaranta. In abin ya fi ƙarfinsu akwai Babban Asibitin Dutse da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, akwai kuma likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In za ka je, ka tafi da duk abin da kake shafawa, har wanda kake jin kunyar nunawa, da kuma shafin nan da ka rubuta. Zai rage wa likita aiki, kai kuma ya rage maka kashe kuɗi a kan lalube.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi gwajin tishun nan a cikin makon nan, ya kuma zauna da 'yan ɗakinsu su duba robobin da ke kan taga ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. Amin.